Tambaya da Amsa: In An Yi Rufa-rufa a Coci, Wa Ke Tuhumar Bishop?

Wasiƙun wannan makon daga mabiya ɗariƙar Katolika na Sakkwato da kewaye suka fito, kuma kusan dukansu kan magana ɗaya suke: lalata da yara da aka samu wasu firistoci da aikatawa, da yadda shugabanni suka riƙa rufe abin. Mun sakaya sunayen masu tambaya, mun kuma taƙaita wasiƙun.

Tambaya daga wani dattijo a Mabera: Shekara da shekaru muna jin labarin firistocin da suka lalata yara a Amurka da Turai. Kullum sai ba da haƙuri da kiran addu'a. Firist kan rasa rigarsa, amma bishop ɗin da ya san abin ya yi shiru fa? Wa ke hukunta shi? Raina ya ɓaci har ina jin nauyin zuwa coci.

Baba, ɓacin ranka yana kan hanya, kuma ka taɓo ainihin inda ciwon yake. A tsarin Cocin Katolika, bishop a dayosis ɗinsa, wato yankin da yake shugabanta, shi ne mai kafa doka, shi ne mai zartarwa, shi ne kuma alƙali. Sashe na 391 na kundin dokokin Coci ne ya ba shi wannan iko. Taron bishop-bishop na ƙasa ba shi da hurumin tsige shi, babban bishop na lardi ma ba shi da shi. Sashe na 1405 ya keɓe shari'ar laifin bishop ga Paparoma kaɗai. Saboda haka duk wanda zai tuhume shi yana sama da shi ne, kuma yana nesa. Jama'ar da ke zaune a benci ba su da wata ƙofa ta tilasta masa bayani.

Abin da wannan tsari ya haifar ya fito fili a 2002, lokacin da jaridar Boston Globe ta nuna yadda ake ɗauke firist mai laifi daga wannan coci a kai shi wancan ba tare da an gaya wa iyaye komai ba. Kadinal Bernard Law, babban bishop na Boston a Amurka, ya ajiye muƙaminsa a Disambar shekarar, amma a 2004 aka ba shi shugabancin ɗaya daga cikin manyan majami'un birnin Rum, ya ci gaba da zama a Rum har ya rasu a 2017. Ƙa'idojin da bishop-bishop na Amurka suka amince da su a Dallas a 2002 sun tanadi cire firist mai laifi daga aiki, amma ba su tanadi hukunci ga bishop ba. Binciken da aka fitar a 2004 ya ƙirga firistoci 4,392 da aka zarga a Amurka tsakanin 1950 da 2002. A Jamus, binciken 2018 ya samu malaman coci 1,670 da aka zarga da yara 3,677 da aka cuta daga 1946 zuwa 2014. A Faransa, kwamiti mai zaman kansa ya kiyasta a 2021 cewa yara kusan 216,000 ne firistoci da masu rayuwar keɓewa suka ci zarafinsu tun daga 1950. A dukan waɗannan rahotanni abu ɗaya ke maimaituwa: an sani, an kuma fifita sunan Coci a kan yaro.

An samu canji, amma sai da aka sha matsin lamba. A 2016 Paparoma Francis ya fitar da dokar da ta ba da damar cire bishop saboda sakaci. A Mayun 2018 bishop-bishop na ƙasar Chile gaba ɗaya suka miƙa takardar ajiye aiki, ya karɓi na wasu. A Fabrairun 2019 aka tuɓe Theodore McCarrick, tsohon kadinal na Washington, daga aikin firist ɗungurungum. A watan ne kuma aka tara shugabannin tarukan bishop-bishop na duniya a Batikan, inda wata 'yar Najeriya, Sista Veronica Openibo, ta tsaya gabansu ta tambayi dalilin da ya sa aka daɗe ana shiru, ta kuma ƙi yarda da masu cewa matsalar ta Turawa ce kawai.

Dokar da ta fi shafar tambayarka ita ce Vos estis lux mundi, wadda ta fito a Mayun 2019, aka sabunta ta a 2023. Ta mai da rufa-rufa da yi wa bincike zagon ƙasa abin da ake bincikar bishop a kai. Idan ƙarar kan bishop ce, ana kai ta ga babban bishop na lardin da kuma Batikan, ko kai tsaye ko ta hannun jakadan Paparoma, wanda a Najeriya yake Abuja. Dayosis ɗin Sakkwato da na Katsina suna ƙarƙashin lardin Kaduna. Ofishin Batikan da abin ya shafa yana da kwana 30 ya ba da umarnin yadda za a yi binciken, rubutun farko na 2019 kuma ya ƙayyade kwana 90 don kammalawa. Ta wannan hanya aka hukunta wasu bishop-bishop a Poland a 2021, aka hana su jagorantar ibada a bainar jama'a a dayosis ɗinsu.

Ba za mu ɓoye maka raunin dokar ba. Bishop ne ke bincikar bishop ɗan'uwansa, wanda suke zama taro ɗaya. Dokar ba ta tilasta a bayyana wa jama'a sakamako ba, shi ya sa sau da yawa sai dai a ji an ce wane ya ajiye aiki. A Faransa, Bishop Michel Santier ya sauka aka ce rashin lafiya ce, aka hukunta shi a ɓoye a 2021, jama'a ba su sani ba sai da 'yan jarida suka tona a 2022. A ganinmu hukuncin da aka ɓoye bai kare yaro na gaba ba, kuma bai share hawayen wanda aka cuta ba. Sashe na 212 ya ba ka, a matsayinka na mai bi, 'yancin faɗa wa shugabanni ra'ayinka kan abin da ya shafi lafiyar Coci, har ya ce wani lokaci wajibi ne. Yi amfani da shi a rubuce.

Tambaya daga wata uwa, wadda ta roƙi kada a faɗi unguwarta: Ɗana mai shekara 12 ya gaya mini wani babba a cocinmu yana kiransa ɗaki yana taɓa shi inda bai dace ba. Na gaya wa dattawa biyu, suka ce a bar maganar a cikin gida, za a yi sulhu. Me zan yi?

Mama, Allah ya ba ki ƙarfin zuciya. Abu na farko, ki raba yaron da mutumin daga yau, ko da hakan na nufin ya daina hidimar bagade ko zuwa koyon waƙa. Ki gaya masa kin yarda da shi kuma ba laifinsa ba ne. Kada ki tsananta masa da tambaya, kada kuma a tara dangi kowa ya sa shi ya maimaita. Yaron da aka yi wa tambaya sau goma yakan rikice ko ya janye maganarsa don tsoro, lauyan wanda ake zargi kuma da wannan zai kafa hujja. Ki ɗauki littafi ki rubuta abin da ya faɗa da kalmominsa, yadda ya faɗe su, da ranar da ya faɗa, da wurin da ya ce abin ya faru, da wanda ke kusa a lokacin.

Sai asibiti. Idan akwai yiwuwar abin ya wuce taɓawa kuma bai kai kwana 3 ba, kada a yi jinkiri, domin maganin kariya daga ƙanjamau sai an fara shi cikin awa 72 yake aiki, ana kuma shansa kwana 28. Kada a yi wa yaron wanka kafin likita ya gan shi, kada a wanke kayan da ya sa. A naɗe su a takarda ko ambulan, domin leda na riƙe laima ta lalata shaida. A Sakkwato akwai Cibiyar Nana Khadija a harabar Asibitin Ƙwararru, wadda aka kafa domin waɗanda aka ci zarafinsu, ana duba lafiya ana kuma ba da shawara. Ko da an daɗe da yin abin, ki kai shi, saboda rahoton likita da kuma lafiyar zuciyarsa. Idan akwai saƙonni a waya, kada a goge, a ɗauki hotonsu yadda lamba da rana za su fito.

Daga nan sai hukuma. Lalata da yaro laifi ne a dokar ƙasa, kuma jihar Sakkwato ta sa hannu a dokar kare yara da dokar hana cin zarafin jama'a a 2021. Ki kai ƙara wurin 'yan sanda, ki nemi sashen da ke kula da mata da yara. Hukumar NAPTIP mai yaƙi da safarar mutane da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan Adam ta Ƙasa suna da ofis a Sakkwato, ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA ma tana taimakawa. Kada ki je ke kaɗai, ki tafi da mijinki ko ɗan'uwa mai natsuwa. Babu wata dokar Coci da ta hana ki zuwa wurin hukuma. Tun Disambar 2019 aka ɗage sirrin Paparoma, wato dokar rufe baki ta Batikan, daga irin waɗannan shari'o'i, kuma Vos estis ta ce ba a ɗora wa mai kai ƙara, ko wanda aka cuta, ko shaidu, wajibcin yin shiru. Duk wanda ya sa ki rantsuwa kan ba za ki faɗa ba, ko ya ba ki kuɗi da sharaɗin shiru, ya saɓa wa dokar Cocin kanta.

Ki kai wa Coci ƙara ita ma, domin hukuma na iya ɗaure mutum, amma Coci ce ke iya cire shi daga aiki. Dokar ta wajabta wa kowane dayosis ya samar da ofishi ko wurin karɓar irin wannan ƙara da jama'a za su iya kaiwa gare shi cikin sauƙi. Ki tambaya a sakatariyar dayosis. Ki rubuta takarda zuwa ga bishop, ki yi kwafi biyu, a buga wa naki hatimi da kwanan wata, ki riƙe. Nan ne yawancin ƙararraki ke mutuwa: an faɗa da baki a bakin ƙofar coci, bayan wata shida a ce ba wanda ya kawo magana. Idan firist ko sista kika gaya wa a wajen furcin zunubi, dokar ta tilasta musu kai rahoto ga bishop ba tare da ɓata lokaci ba.

Idan wanda ake zargi firist ne ko dikon, sashe na 1717 ya ce bishop ya buɗe binciken farko muddin maganar tana da alamar gaskiya, sannan ya aika sakamakon zuwa ofishin kula da koyarwar bangaskiya a Batikan, wanda aka keɓe wa irin wannan laifi tun 2001. Kafin a gama, sashe na 1722 ya ba shi ikon dakatar da mutumin daga aiki ko hana shi zama a wurin. Littafin jagora da Batikan ta fitar a 2020 ya gargaɗi bishop-bishop kada su ɗauki canja wa mutum wurin aiki a matsayin magani. In kika ji an yi masa canjin coci shiru-shiru, ki sake rubutawa ki tambayi ko an buɗe bincike da ranar da aka buɗe. Idan watanni suka wuce babu amsa, ki aika kwafin takardunki ga babban bishop na lardi da ofishin jakadan Paparoma. Idan katikis ne ko malamin makaranta ko mai koyar da waƙa, sashe na 1398 da aka sabunta a 2021 ya haɗa da ma'aikatan coci waɗanda ba firistoci ba.

Dattawan da suka ce a yi sulhu wataƙila zaman lafiya suke nufi, amma sulhu na rikicin gona ne ko bashi. Mai irin wannan hali da wuya ya tsaya kan yaro ɗaya.

Tambaya daga wani matashi a Birnin Kebbi: Mu tsiraru ne a nan. In muka fito da irin wannan magana, ba mun ba masu zaginmu makami ba ke nan? Kuma in sharri aka yi wa Fada fa?

Ɗan'uwa, tsoron nan mun fahimce shi, kuma shi ne ya sa muke cewa a bi ta takarda, asibiti da hukuma. Kada a sa sunan kowa ko hotonsa a Facebook ko WhatsApp. Hakan na tona asirin yaron har tsawon rayuwarsa, yana iya jawo a ɗauki doka a hannu, yana kuma iya mai da mai ƙara wanda ake ƙara da ɓata suna. Amma shiru abu ne daban. A Ailan, inda Katolika ke da rinjaye, tsoron abin kunya ne ya sa aka rufe, rahotannin kwamitocin bincike na Ryan da Murphy suka fito da komai a 2009, martabar Coci ta zube fiye da yadda za ta zube da an hukunta masu laifi tun farko. Makwabtanmu Musulmi ma suna fama da irin wannan a wasu makarantu da gidaje, kuma mai hankali a cikinsu zai girmama al'ummar da ta miƙa nata mai laifin. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

Batun sharri kuwa, yana faruwa, dokar ma ta san da shi. Sashe na 1321 ya ce mutum ba shi da laifi har sai an tabbatar, dakatarwa lokacin bincike ba hukunci ba ce, sashe na 1390 kuma ya tanadi hukunci ga mai ƙage. Firist mai gaskiya bincike ne ke wanke shi. In aka kashe maganar, raɗe-raɗi zai bi shi duk inda aka kai shi.

Tambaya daga wata mata a Gusau: Abin ya faru da ni ina 'yar shekara 15, yanzu ina da 34. Na taɓa faɗa a wurin furcin zunubi, ba abin da aka yi. Lokaci ya ƙure?

'Yar'uwa, bai ƙure ba. Idan firist ne ko dikon, a dokar Coci wa'adin shekara 20 ne, ana fara ƙirga shi daga ranar da kika cika 18, wato har ki kai 38, kuma ofishin Batikan na da ikon ɗage wa'adin. Dalilin da ya sa ba a yi komai ba shi ne sashe na 983 ya haramta wa firist bayyana abin da ya ji a furci ta kowace hanya. Sai kin faɗa a wajen furci, a rubuce, kafin ya zama ƙara. Ki sa shekarar, wurin, da sunayen waɗanda kika taɓa gaya wa a lokacin, ko da mutum ɗaya ne. Ki nemi a sanar da ke sakamako, ki kuma nemi taimakon likita da na mai ba da shawara, domin dokar ta ɗora wa shugabannin Coci su kula da wannan. Abin da aka yi miki ba zunubinki ba ne da za ki furta. Game da kotu, ki ga lauya ya duba miki dokar jihar da abin ya faru.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa a Illela: Na ji ana biyan diyyar miliyoyin daloli a Amurka. Baikona ake kwasa? Zan iya dainawa?

Malam, kowane dayosis da asusunsa. Dala miliyan 660 da dayosis ɗin Los Angeles ya amince ya biya a 2007, da miliyan 880 na 2024, nauyinsa ne shi kaɗai, ba ya hawa kan cocinku. Sashe na 222 ya ɗora wa masu bi tallafa wa bukatun Coci, amma bai hana ka tambaya ba. Sashe na 537 ya wajabta kwamitin kuɗi a kowace ikilisiya, 1287 ya ce masu riƙe dukiya su ba masu bi bayanin abin da suka bayar, 1267 kuma ya ce kyautar da aka bayar don wani aiki na musamman ba a karkatar da ita. In zuciyarka ba ta kwanta ba, rubuta a ambulan cewa na rufin aji ne ko na marayu, ka nemi rasit.

Tambaya daga wani katikis a Argungu: Wane tsari za mu kafa a ƙaramar cocinmu don kada abin ya faru?

Malam, ku fara da ƙa'idar manya biyu: babu babban da zai keɓe da yaro a ɗaki rufe, ko Fada ne, ko katikis, ko shugaban mawaƙa. Ajin katikisma ya kasance ƙofa a buɗe, wurin furcin yara ya zama inda ake hango su daga nesa ba tare da an ji magana ba. Yaro ba ya kwana a gidan Fada, ba a kuma aiken yarinya ita kaɗai ta kai abinci ko ta yi shara a ɗakin kwana. Tafiya zuwa taron matasa sai da takardar izinin iyaye, da mata daga Zumuntar Mata masu kwana tare da 'yan mata, da maza biyu a wajen samari. Saƙon waya ga yaro ya bi ta lambar iyayensa ko ta zauren da kowa ke gani.

Wurin da aka fi sakaci a yankinmu shi ne taimako. Mai mugun nufi yakan fara da biyan kuɗin makaranta, sayen takalmi, tura katin waya, har gidan su ji ba za su iya ɗaga masa ido ba. Ku mai da duk tallafin karatu ya bi ta kwamiti mai mutum uku aƙalla, a biya makaranta kai tsaye, a rubuta a littafi. Ku lura da yaron da ya fara ƙin zuwa coci ba dalili, ko yake fitsarin kwance bayan ya daina, ko yake da kuɗin da ba a san inda ya samo ba. Duk sabon ma'aikaci ko baƙon firist da zai yi hulɗa da yara, a nemi takardar shaida daga inda ya fito, a kuma kira can a tabbatar.

Ku zaɓi mutum biyu, mace da namiji, waɗanda ba dangin Fada ba ne kuma ba a hannunsa suke karɓar albashi ba, su zama masu karɓar koke. A rubuta ƙa'idojin da Hausa da Turanci, tare da lambar ofishin dayosis da ta 'yan sanda, a manna a ƙofar coci, a karanta su a lokacin sanarwa sau ɗaya kowane wata uku, a kuma aika wa bishop kwafi ya sa hannu.